Me za mu kira "sack" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "kayen gida"

1/ Ranar da Philadelphia Eagles ta lallasa Kansas City Chiefs da 40 da 22 a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, cikin Fabrairun 2025, na zauna zan ba wani ƙanena labarin abin da 'yan tsaron Eagles suka yi wa Patrick Mahomes, mai jefa wa Chiefs ƙwallo, sai Hausar ta maƙale mini. Sau shida suka yi masa sack. To, me zan ce suka yi masa?

2/ Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba: ƙungiyar da ƙwallo ke hannunta tana da dama huɗu ta ci yadi 10. Akwai majefi, wanda ake miƙa wa ƙwallo ya jefa wa abokansa. Idan 'yan tsaro suka keta layi suka kai shi ƙasa tun bai jefa ba, a bayan inda aka fara, shi ne sack. Dama ta tafi, an kuma koma baya.

3/ "Buhu" dai a ajiye shi gefe, fassarar ƙamus ce. Wani malamina ya ce a yi amfani da "turmushewa". Kalmar tana da nauyi, na yarda, amma ba ta ƙirguwa. Gwada cewa "turmushewa shida" ka ji yadda take tsaya wa harshe.

4/ Filin kokawa ya riga ya ba mu "kaye". Sai dai a wannan wasa ana kayar da duk mai riƙe da ƙwallo, sau da dama a kowane wasa, don haka kaye shi kaɗai ya yi faɗi. Abin da ya bambanta sack shi ne wurin: an tsallake masu gadin majefi, an bi shi har gida, an kayar. Kayen gida ke nan. Kunnen mai kallon tamaula ya riga ya san zafin "an ci su har gida".

5/ Kuma yana shiga lissafi salin alin. Tun 1982 NFL, hukumar gasar ƙwallon Amurka, ke ƙirga shi a hukumance. Bruce Smith ya yi ritaya da kayen gida 200. Michael Strahan ya yi 22.5 a kakar 2001, T.J. Watt ya kamo shi a 2021. Rabin nan kuwa, idan mutum biyu suka haɗu suka kayar, raba musu ake yi: rabin kaye. Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya yi shida shi kaɗai a wasa ɗaya a 2007.

6/ Abin da ya fi burge ni a daren Eagles: da mutum huɗu na gaba kawai suka yi aikin, ba su turo ƙarin 'yan baya su afka wa Mahomes ba ko sau ɗaya. Wannan afkawar ta taron dangi ita ce blitz, kuma ina ganin "farmaki" ya ishe ta. Malamai, ku gwada a baki: kayen gida shida, babu farmaki ko ɗaya.