Gari ya wuce ganuwa: musayar baituka daga Damagaram

Ɗan Birni: Salama 'yan uwa. Yau ni zan buɗe fage, amsa-amo "ri".

Sarki Tanimun da ya ja ganuwa tasa,
Nan ne aka san bakin gari.
Yau ga gini har bayan duwatsu,
Gonar kakanmu ta zama fili ba tsari.
Kowa ya tsere wa ƙauye nasa,
Ya naɗe tabarma ya ce fari.
Ku koma gida damina ta kusa,
Birni ya cika, ba sauran wuri.

Ɗan Mirriya: Kawu, da girmanka? To bismilla.

Kakanka shi ma da tabarma ya zo,
Ba a haifi kowa da katanga ba.
Geron da ka sha da safe a fura,
Ba kan dutsen Birni ya tsiro ba.
Ka ce mu koma, mun ji kawu,
Wa zai turo ma ruwa in ba mu ba?
'Yan garuwa in sun huta yini,
Ba za ka sami na alwala ba.

'Yar Zango: Wayyo! Ɗan Mirriya Allah ya ƙara basira. Kawu a sha ruwa a huce, in akwai shi a randa.

Malamin Lakwal: Ku dakata, abin ba na Damagaram kaɗai ba ne.

A 1950 kashi 30 cikin ɗari
Na mutanen duniya ke zaman birni.
A 2018 an kai kashi 55,
Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi bayani.
Hasashen 2050 kashi 68,
Indiya, Sin da Najeriya ke jan zamani.
Tokyo na da mutum miliyan 37,
Ku kuna faɗa kan Sabon Gari, ku yi tunani.

Ɗan Birni: Malam, waƙa muka ce, ba labaran ƙarfe takwas ba.

Ka zo da lissafi cike da buhu,
Ka juye a baiti ya karya ƙafa.
In allo ne mun sallama maka,
Nan ko fage ne, a bar wa masu iyawa fa.

Alaramma na Garin Malam: Ɗan Birni, kai ma kada ka yi dariya. A waƙarka ta farko, ɗango na biyu gaɓa 9 ne, na huɗu 13. Wane kari ne wannan? Kuma "fa" ɗin nan ta ƙarshe jawo ta ka yi da igiya don ta dace da "ƙafa".

Ɗan Birni: Allah gafarta Malam, a rera ake jin waƙa, ba a ƙirga ta da yatsu. Mawaƙan fada arulli suka karanta?

Alaramma na Garin Malam: Su suna da kiɗa yana rufa musu asiri. Kai ganga nawa ka zo da ita?

Na Yamai: Ina wucewa na ji hayaniya.

Tun 1926 aka ɗauke muku kujerar mulki,
Aka kai ta gaɓar kogi ta zauna.
Ku kuna ta kukan cikar gari,
Ku zo ku ga cunkoso in an yi rana.

'Yar Zango: Wa ya kira wannan? Kujera dai aro muka ba ku. Ga tawa, kuma da kawu nake, ba da kai ba.

Ku daina ɗora wa baƙo laifi,
Ku leƙa layinmu ranar suna.
Yau rago nan, gobe rago can,
Ungozoma ba ta barcin rana.
Rabin waɗanda suka cika garin nan
A goye suka zo, ba a tasha ba, Nana.
Ruwan Gogo da na Arunguza
Ba su san an ƙaru ba, suna nan suna nan.

Malamin Lakwal: Hajiya ta faɗi abin da nake nufi. Nijar har yanzu ko mutum ɗaya cikin biyar bai kai ba a birane, sauran na karkara. Haihuwa na cika gari kamar yadda ƙaura ke cika shi. Wanda ya ga an cika yanzu, bai ga komai ba tukuna.

Ɗan Birni: Wace ce Nana kuma? Alaramma, ka ga an ƙirƙiro mace don amsa-amo ka yi shiru. Ni "fa" ɗaya ka hana ni sakat.

Ɗan Mirriya: Ta Hajiya ado ce, taka kawu faci ce.

Ɗan Cirani: Ku yi haƙuri, sai yau na samu caji. Daga Legas nake gaishe ku.

Kun ce gari ya cika, ina dariya,
Nan ɗaki guda mu shida ke kwana.
Daga gida zuwa bakin aiki
Sai ka ƙarar da rabin rana.
Kawu in ka ƙosa da 'yan ƙauye,
Nan kai ma ɗan ƙauye ne, ba ka da suna.

Alaramma na Garin Malam: Ɗan Cirani sannu da hanya, amma "rana" da "suna" Hajiya ta riga ta ci su, ka nemo naka. Ɗan Birni kuma ina jiran gyaran ɗango na huɗu. Ka cire "ta zama" ka sa "ta zam", ka mai da "kakanmu" "kaka", ya dawo 11, sai mu yi maganar na biyun.

Ɗan Birni: Ba zan taɓa shi ba. Gonar ta kakanmu ce mu duka, ba ta kaka ɗaya ba.