Daren farko na Raw a Netflix: me zan kalla, me zan tsallake?

Nafi'u: Salamu alaikum 'yan zaure. Tun shekaranjiya ko'ina na leƙa maganar resilin ake yi, wai Raw, wasan mako-mako na kamfanin resilin WWE, ya koma Netflix. Ni rabona da bin wasan nan tun zamanin da John Cena da Randy Orton ke ta fafatawa. Wasan kusan awa 3 ne, data kuwa ta yi tsada. Ku da kuka gani, ina ne ya cancanci kallo, ina zan tsallake?

Sadiq Manchesta: Wa alaikumus salam. Ni kai tsaye na kalla, ƙarfe 1 na dare a nan Ingila, wato ƙarfe 2 ke nan a gida. Ranar Litinin 6 ga Janairun 2025 aka yi a Intuit Dome da ke Inglewood, gefen Los Angeles, mutum sama da 17,000 a ciki. Kokawa huɗu kacal aka yi a cikin awa ukun nan, Nafi'u. Huɗu. Sauran duk jawabi ne, da haska fuskokin 'yan fim da ke zaune a sahun gaba, da talla. Idan data ce matsalarka, nufi kokawar ƙarshe kawai, CM Punk da Seth Rollins. Ita ce wasan.

Abba Bloodline: Haba Yaya Sadiq, ka ce ya tsallake Roman da Solo? Wallahi ba ka yi adalci ba.

Sadiq Manchesta: Ban ce ba ta yi kyau ba. Amma wanda bai san labarin ba, me zai gane? Zai ga mutum shida sun yi ta faɗowa fili ɗaya bayan ɗaya suna dukan juna, a kan wata sarƙar wuya ja.

Abba Bloodline: To ai sai a ba shi labarin. Yaya Nafi'u, saurara. Roman Reigns ya riƙe kambu kwana 1,316 kafin Cody Rhodes ya karɓe a WrestleMania 40, babban wasan WWE na shekara, a Philadelphia, watan Afrilun 2024. Da ya sha kaye sai ya ɓace na wasu watanni. Ɗan'uwansa Solo Sikoa, ƙanin su Jimmy da Jey Uso, ya ce tunda babba ya gudu, shi ne shugaban dangi. Ya ɗauki Ula Fala ya rataya. Wannan jar sarƙar ba kayan ado ba ce kawai, a al'adar mutanen Samoa manyan masu sarauta ne ke sa ta. Ya kori Jimmy, ya kawo nasa yaran, Tama Tonga da Tonga Loa da Jacob Fatu. Roman ya dawo a SummerSlam, watan Agusta, babu kambu, babu sarauta, sai da ya sauke girman kai ya nemi waɗanda ya wulaƙanta a baya, su Jey da Sami Zayn. Daren Netflix ɗin shi ne ranar raba gardama, wanda ya ci shi ne mai sarƙa. Tama da Jacob suka shigo, Jimmy da Sami suka tare su, Kevin Owens ya zo ya kwantar da Roman, Cody ya biyo Owens. Da fili ya washe, Roman ya gama da Solo. Sai The Rock ya fito da kansa ya rataya masa sarƙar. Idan kana son ka ji daɗinta, fara da WrestleMania 40 dare na biyu, sannan WarGames, kokawar ƙungiya biyu cikin keji, na Survivor Series, 30 ga Nuwamban 2024 a Vancouver. Biyun nan sun ishe ka.

Nafi'u: To ai rikicin gadon sarauta ne kawai. Na gane.

Baffa Ado: Yara ke nan. Mu da muka ga Mighty Igor da Mil Mascaras a talabijin baƙi-da-fari, unguwa guda ta taru a gidan mutum ɗaya. Ni abin da ya tsaya mini a rai a daren nan shi ne ihun da aka yi wa Hulk Hogan. Mutumin da a shekarun 1980 shi ne resilin ɗin gaba ɗaya, ya fito da Jimmy Hart yana kaɗa masa tuta, jama'a suka dinga yi masa ihun ba-ma-so tun daga fitowarsa har ya koma. Yana ta cewa su ne abokan tafiyarsa mafi alheri, su kuwa suna ƙara murya.

Maman Hanif: Baffa, ai shi ya jawo wa kansa. A 2015 aka fitar da wani faifai da aka ji shi yana zagin baƙar fata, har WWE ta kore shi a lokacin. A 2024 kuma ya je taron jam'iyyar Republican ya yage riga a kan mumbari saboda Trump. Sannan ka zo Kalifoniya kana tallar giyarka? Ai ba zai samu tafi ba.

Baffa Ado: Gaskiya ne 'yata. Ban ce bai cancanta ba. Tsufa ne dai na ga ya kama shi, yana takawa da ƙyar. Nafi'u, wannan mintuna kaɗan ne, ka nemi guntun bidiyon ka gani, ba sai ka saukar da wasan duka ba.

Maman Hanif: Kun bar babbar magana. Rhea Ripley ta karɓo kambunta! Malam Nafi'u, idan ka tsallake wannan ban yafe ba. A Afrilun 2024 Liv Morgan ta far mata a bayan fage ta ji mata ciwo a kafaɗa, dole ta ajiye kambun ba tare da an kayar da ita ba. Kafin ta warke Liv ta ɗauke kambun, ta kuma ɗauke mata saurayi, Dominik ɗan Rey Mysterio. A SummerSlam ya ci amanarta a gaban duniya. Wata da watanni ana jan labarin nan har mun fara gajiya, duk haɗuwa sai Raquel Rodriguez ko Dominik sun sa hannu. Daren nan dai aka rufe shi. Da ta ci, sai ga marar kunyar nan ya buɗe hannu wai zai rungume ta. Abin da ta yi masa ba zan faɗa ba, ka je ka gani. Tana kan hanyar fita kuma sai ga Undertaker a kan babur, ya zagaya fili ya tsaya kusa da ita suka ɗaga hannu tare.

Nafi'u: Undertaker a kan babur? Ba da baƙar hula da ƙararrawa ba?

Sadiq Manchesta: A'a, da shigarsa ta farkon shekarun 2000 ya zo. Mutane da yawa sun so a ce ƙararrawar aka buga. Ni ma haka. Amma shi ya riga ya yi ritaya tun 2020, gaisuwa kawai ya zo yi.

Mamman Sani Maraɗi: Ni fa har yanzu mamakinku nake. An rubuta wanda zai ci tun kafin a shiga fili, kuna ta tada jijiyar wuya. Ku zo ku ga kokawar takobi, ku ga Issaka Issaka na Dosso ya kama mutum. Nan babu rubutu.

Abba Bloodline: Malam Mamman, kowa ya san tsararre ne. Kai da kake bin fim mai dogon zango kullum dare, ka taɓa cewa ƙarya ne ba za ka kalla ba? Labarin muke bi. Faɗuwar kuwa ta gaske ce, tambayi kafaɗar Rhea.

Mamman Sani Maraɗi: Na ji. To ni ma ku ba ni guda ɗaya tak, wadda za ta sa in daina yi muku dariya.

Baffa Ado: Undertaker da Shawn Michaels, WrestleMania 25, shekarar 2009 a Houston. Ba kambu a ciki, ba mai shigowa taimako, mutum biyu ne kawai na kusan rabin awa. Idan ka gama ba ka miƙe tsaye ko sau ɗaya ba, ka dawo ka ci gaba da dariyarka.

Sadiq Manchesta: Bari in koma kan Punk da Rollins, don ita ce na ce a fara da ita. Punk ya bar WWE a Janairun 2014 cikin fushi, ya yi kusan shekara 10 a waje yana sukar kamfanin. Ya dawo a Survivor Series na Nuwamban 2023 a garinsu Chicago. A daren an ga Rollins a bakin fili yana zage-zage ana rirriƙe shi. Hujjarsa ita ce, mu muka tsaya muka riƙe gidan nan lokacin da kake can kana yi mana fatan rushewa, yanzu da abu ya yi kyau ka dawo ka ce gida ka zo. An so a haɗa su tun WrestleMania 40, sai Punk ya ji ciwo a hannu a Royal Rumble na 2024. Shi ya sa aka daɗe ana jiran haɗuwar nan. Kowa ya ari salon ɗan'uwansa ya buga masa, Rollins ya yi GTS, salon da Punk ke gama kokawa da shi, Punk ya taka masa kai irin na Rollins. Punk ya ci da GTS biyu a jere. Ƙorafina ɗaya ne: kokawa irin wannan ta WrestleMania ce, an kashe ta a daren Litinin don a burge Netflix. Nafi'u, kafin ita ka kalli Punk da Cena a Money in the Bank na 2011, tunda zamaninka ne, sannan Punk da Drew McIntyre cikin keji a Bad Blood, Oktoban 2024. Wannan ta biyun akwai jini sosai, kada ka kunna yara na kusa.

Maman Hanif: Yawwa, gara da ka faɗa. Ni da kaina nake fara dubawa kafin su Hanif su gani. Kuma a riƙa ja musu kunne, kar su je suna gwadawa a kan ƙannensu.

Nafi'u: Cena fa? Na ji an ce zai daina.

Abba Bloodline: 2025 ce shekararsa ta ƙarshe, a daren nan ya buɗe bankwana. Bai yi kokawa ba, magana ya yi. A daren nan kambun duniya 16 gare shi, kunnen doki da Ric Flair. Da bakinsa ya ce na 17 zai yi wuya, tunda rabon da ya ci kokawar mutum-da-mutum a talabijin tun 2018. Sai kuma ya juya ya ce zai shiga Royal Rumble ranar 1 ga Fabrairu a Indianapolis, kuma ci zai je yi. Ya taɓa cin ta a 2008 da 2013. Jawabin gajere ne, ka kalla.

Sadiq Manchesta: Na Cena ya yi ma'ana. Na The Rock ne ya ɓata wa mutane rai. A Maris ɗin 2024 mutumin nan ya fasa wa Cody goshi a cikin ruwan sama, ya shafa jininsa a jikin bel, ya ce zai kai wa mahaifiyarsa. Bayan WrestleMania ya ce labarinsu yanzu ya fara. Mun yi wata tara muna jira. Sai ya fito a Netflix yana murmushi, yana gode wa shugabannin kamfani, yana yaba wa Cody, har da runguma. Ina labarin ya tafi? Ai yanzu yana cikin hukumar gudanarwar TKO, kamfanin da ya mallaki WWE, a wannan rigar ya zo. Wannan ka tsallake shi, Nafi'u, ba abin da za ka rasa.

Baffa Ado: Kuɗi ne ɗana. Dala biliyan 5 na shekara 10 aka ce yarjejeniyar. Raw tun Janairun 1993 yake a talabijin na gida, wannan ne karon farko da ya bar shi. Wanda ya zuba irin wannan dukiya dole a yi masa biki. Daren baƙi ne, ba na 'yan gida ba. Kun ga shimfiɗar filin ma ta koma baƙa, an cika ta da tambarin kamfanoni kamar jikin motar haya ta kamfen.

Abba Bloodline: Amma hoton ya yi kyau, Baffa. Kyamarar nan mai tashi da ta shigo tun daga wajen gini har cikin jama'a. Da shigowar Jey Uso ta cikin 'yan kallo shi da Travis Scott, dubban mutane suna ɗaga hannu suna saukewa tare. Kokawarsa da Drew dai ba ta kai shigowar ba, naɗe shi ya yi ba zato aka ƙirga uku. Kalli shigowar, ka wuce.

Nafi'u: Wani abu kuma. Na buɗe Netflix ɗina a nan Kano na nemi Raw, ban gan shi ba. Ko ni ne ban iya nema ba?

Sadiq Manchesta: Ba laifinka ba ne. Yarjejeniyar ta fara ne da Amurka da Kanada da Birtaniya da Latin Amurka da wasu ƙasashe. A ƙasashenmu na kudu da Sahara a wannan Janairun na 2025 SuperSport ke da haƙƙin nunawa. Duba tasha ta 128 a DStv, resilin suke yi dare da rana, kuma suna maimaitawa, ba sai ka hana idonka barci ƙarfe 2 ba. Idan ba ka da dish, shafin WWE na YouTube yana saka guntayen kowace kokawa da jawabai, ka rage ingancin hoton zuwa 360, data kaɗan zai ci.

Maman Hanif: Kuma kada ku manta da namu. Washegarin daren Netflix, Talata 7 ga wata, Oba Femi ɗan Legas ya ci kambun NXT, sashen WWE na masu tasowa, ya doke Trick Williams da Eddy Thorpe a kokawar mutum uku. Ɗan wasan jifan dalma ne a da, a Jami'ar Alabama. Idan ya ɗaga mutum sai ka tausaya masa. Ni wannan ta fi mini Jey da Drew nesa ba kusa ba.

Mamman Sani Maraɗi: Wannan kam zan duba. Na fara da shi ko da na Baffa?

Baffa Ado: Da nawa. Ɗan Legas ɗin yana nan, ba inda za shi.

Nafi'u: To na tsara. Yau da dare WrestleMania 40, gobe Roman da Solo da kuma Rhea don kar Maman Hanif ta riƙe ni, jibi Punk. Abba, turo mini sunan wancan na Vancouver ɗin daidai yadda zan rubuta shi wajen nema.

Abba Bloodline: Survivor Series WarGames 2024. Kokawar maza, ita ce ta ƙarshe a wasan, ka ja gaba zuwa wajen.