Kalmar "gannab" a Ibrananci: ɓarawo ne ko ɗan fashi?

Tambaya: Salama gare ku. A Littafin Fitowa sura 22, cikin Littafi Mai Tsarki, na ci karo da kalmar "gannab", wadda aka fassara da ɓarawo. Shin ta haɗa da mai ƙwace da ƙarfi, kuma me ya sa ake ninka harafin n?

Amsa ta farko: Ɗan'uwa, tushenta baƙaƙe uku ne, g-n-b, kuma aikatau ɗinsa "ganab", wato ya sata, shi ne ke cikin "lo tignob", wato kada ka yi sata, na Fitowa 20:15. Ninka harafin tsakiya ƙira ce ta mai sana'a ko wanda abu ya zame masa ɗabi'a, kamar "dayyan", alƙali, da "tabbah", mai dafa abinci. Saboda haka a ganina "gannab" ya fi nuni ga wanda sata ta zama halinsa. Jam'inta "gannabim".

Amsa ta biyu: Game da ƙwace, Ibrananci yana da "gazal", kuma Littafin Firistoci 19 ya raba su: aya ta 11 ta hana sata, ta 13 ta hana ƙwace. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɓoyon da ke cikin tushen, domin a Farawa 31:20 an ce Yakubu ya "saci zuciyar" Laban, ma'ana ya tsere bai sanar da shi ba.

Amsa ta uku: Malam, a ƙara da satar mutum. Da wannan tushen Yusufu ya ce an sato shi daga ƙasar Ibraniyawa a Farawa 40:15, kuma Fitowa 21:16 ta yanke wa mai yin haka hukuncin kisa.