Wai wane ne ɗan kama-karya, wane ne abokin Turawa?

Ɗan Illela, Mile 12: Salamu alaikum yan uwa. Ni fa yau raina a ɓace yake, tun asuba ina sauke albasa ina jin Turawa a rediyo suna ta maganar haƙƙin ɗan adam, wlh sai da na kashe rediyon. A 2023 da sojoji suka ture Bazoum a Nijar Faransa ta tada jijiyar wuya, aka rufe boda aka yanke wa Yamai wuta, ni kaina kayana sun ruɓe tsakanin Konni da Illela har yau ban gama biyan bashin ba. Amma a 2021 da Idriss Deby ya mutu a Chadi ɗansa Mahamat ya ɗare kujera da kaki ba zaɓe ba komai, alhali shugaban majalisa doka ta ce ya riƙe, Macron ya taso takanas har Injamena ya zauna kusa da shi wajen jana'iza. To wannan soja wancan soja, meye bambancin? Masar fa, Sisi ya kifar da Morsi a 2013 aka kashe ɗaruruwan mutane rana ɗaya a dandalin Rabi'a, Amurka ko kalmar juyin mulki ta ƙi furtawa don kada dokarta ta hana ta ba su dala biliyan 1.3 na soja da take bayarwa duk shekara. Saudiyya kuma an kashe Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Istanbul a 2018, Biden ya ce zai mai da su saniyar ware, 2022 sai ga shi a Jidda. Duk ɗan kama-karyar da ke da mai ko sansanin soja nasu ne.

Malam na Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri. Amma ka janye kalmar kama-karya a kan Saudiyya, ka haɗa ƙasa mai tsarki da su Deby? Sarauta ce ta gado, ba juyin mulki suka yi ba.

Ɗan Illela: Allah gafarta Malam ni ba Harami na zaga ba, gwamnati nake nufi

Malam na Idi-Araba: Kama-karya shi ne wanda ya ƙwaci mulki da bindiga. Sarki kuma mubaya'a ake masa. In haka ne duk sarakunanmu na Arewa yan kama-karya ne kenan tunda ba zaɓensu ake ba?

Ticha Agege: Malam da girmanka amma wannan kwatancen bai hau ba. Sarkinmu na gargajiya ba shi da soja ba shi da baitulmalin ƙasa, gwamna ma na iya tuɓe shi. Can kuwa majalisar shura mutum 150 ce kuma sarki ke naɗa su gaba ɗaya, babu jam'iyya, a watan Maris 2022 mutum 81 aka zartar wa hukuncin kisa a rana guda. Kama-karya ai yadda kake riƙe mulki ne ba yadda ka same shi kawai ba.

Alhaji Mai Canji: Ticha kai dai boko ya cinye ka. Ka taɓa zuwa? Ni sau huɗu na je, ka bar shagonka a buɗe ka tafi salla ba mai taɓa maka allura. In wannan ne kama-karya Allah ya kawo mana shi Legas

Maman Sadik: Alhaji tsaro daban adalci daban. Yaran Yemen fa? A 2018 bam ya faɗa kan motar yan makaranta ya kashe yara 40, kuma bam ɗin ƙirar Amurka ne. Ni uwa ce, ranar da na ga hotunan jakunkunansu ban iya cin abinci ba

Alhaji Mai Canji: Hajiya, Hutawa yan tawayen Yemen ne suka jawo, su ke harba makamai kan Saudiyya

Maman Sadik: Yaran ne Hutawa?

Malam na Idi-Araba: Dama na san inda maganar za ta, duk mai sukar Saudiyya ka bincika za ka ga ƙafarsa ɗaya na Tehran.

Direban Apapa: Toh an zo wajen. Malam ni ba ɗan Shi'a ba ne kowa ya sani a bayanka nake salla in na shigo Idi-Araba, amma wannan ƙazafi ne ka yi wa baiwar Allah. Kuma tunda an taɓo, a rikicin sojoji da yan Shi'a na Zariya a 2015 kwamitin da gwamnatin Kaduna ta kafa da kanta ya ce mutum 347 aka binne, bayan shekara biyu Amurka ta amince ta sayar wa Najeriya jiragen Super Tucano 12. Su ciniki suka sani.

Sojan Baya: Kai direba kar ka haɗa. Jiragen nan da su ake yaƙar Boko Haram, da an hana mu ku ne za ku fara cewa Turawa na so mu ƙare. An sayar kun yi kuka an hana kun yi kuka

Ɗan Illela: Jama'a ni fa maganar Chadi da Nijar na kawo

Bakano na Alaba Rago: Ni dai abin da na sani duk shugaban da Bature ya kira ɗan kama-karya to namiji ne. Gaddafi, Abacha, yanzu Tiani na Nijar da Traore na Burkina Faso. Abacha da ya ƙi su ai shi ya sa suka ɓata masa suna

Ticha Agege: Haba Bakano. A nan garin aka harbe Kudirat Abiola a 1996, a Oregun, ba labari ba ne na wata ƙasa. Ken Saro-Wiwa an rataye shi a Nuwamba 1995, aka dakatar da Najeriya daga Kwamanwel, amma ka san me? Man fetur ɗinmu ba su daina saye ba ko na kwana ɗaya, kuɗin da Abacha ya kwashe kuma a bankunansu aka ajiye, Suwizalan kaɗai ta dawo da dala miliyan 321 a wani zubi guda. Wannan ai hujja ce ga Ɗan Illela ba ga kai ba, sun zage shi da baki suna karɓa da hannu. Titin da kuke layin biza a Victoria Island ma sunan jakadan Amurka na lokacin ne, Walter Carrington, shi kam ya tsaya da yan adawa, ba zan ci haƙƙinsa ba.

Bakano: Ajiya ya yi wa ƙasa ba sata ba. Akwai bidiyon da wani dattijo ya yi bayani zan nemo

Ticha Agege: Wane dattijo?

Bakano: In na samu data zan turo. Kai dai dama can ba ka ƙaunar Kanawa, tun rigimar kuɗin masallaci na gane ka

Ticha Agege: Subhanallah. Rasit ɗin nan har yau suna wajena, duk wanda ke so ya zo Agege ya gani. Kar ka sake jefa ni da wannan maganar a gaban mutane

Direban Apapa: Bakano ka ba shi haƙuri, wannan ba wajenta ba ne

Sojan Baya: Masu yabon Rasha kuma ku tambayi mutanen Moura a Mali. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce aƙalla mutum 500 aka kashe a Maris 2022, sojan Mali da baƙin sojoji farar fata, kowa ya san Wagner, sojojin hayar Rasha, ake nufi. Yawancinsu Fulani talakawa da suka zo cin kasuwa. An kori Faransa an kawo wani, talaka ne dai a ƙasa

Ɗan Tawa: Yallaɓai ka bar mu da namu. Shekara nawa Faransawa suka yi suna haƙar yuraniyom a Arlit mu muna kwana a duhu? Ko Tiani kama-karya ne namu ne

Malam na Idi-Araba: Kun gani ko, shi ya yarda nasu kama-karya ne. To Saudiyya ba haka take ba.

Maman Sadik: Malam har yanzu ba ka ce komai kan yaran ba

Alhaji Mai Canji: A matsayina na admin bari in taƙaita don dare ya yi. Kowa ya yarda Turawa munafukai ne, wannan babu gardama. An kuma fahimci cewa sarauta daban kama-karya daban kamar yadda Malam ya yi bayani da ilimi, don haka sa Saudiyya cikin jerin kuskure ne kuma muna fata Ɗan Illela zai gyara. Maganar Yemen yaƙi ne, ba mu da cikakken sani. Ticha ya kawo alƙaluma amma yawancinsu daga kafofin Turawan ne da shi kansa yake suka. An rufe.

Ticha Agege: Alhaji wa ya fahimci haka? Kai da Malam ne kawai. Kuma 347 ɗin daga Kaduna ya fito ba daga Landan ba

Ɗan Illela: Ni ban gyara komai ba Alhaji. Kuma har aka rufe ba wanda ya amsa min abin da ya kai Macron Injamena