Ina −tan x ke shigowa a wannan lissafin?

Ɗalibar lissafi:
Assalamu alaikum, malamai. Ana so a tabbatar (cos 3x − cos 5x) ÷ (sin 3x + sin 5x) = tan x, amma kullum −tan x nake samu. Ina kuskuren yake?

Malamin sakandare:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙa'idar ita ce cos A − cos B = −2 sin((A+B)/2) sin((A−B)/2). A nan A = 3x, B = 5x, rabin bambancinsu −x ne, ba x ba. Tunda sin(−x) = −sin x, alamomin ragi biyun sun cinye juna, sama ya zama 2 sin 4x sin x. Ƙasa kuwa, ƙa'idar ita ce sin A + sin B = 2 sin((A+B)/2) cos((A−B)/2), sai ya zama 2 sin 4x cos x, domin cos(−x) = cos x. Ki soke 2 sin 4x, sauran sin x ÷ cos x, wato tan x.

Mai koyarwa a kwaleji:
Haka ne, Malam. Sai dai sokewar na da sharaɗi: kada sin 4x ya zama sifili. A x = 45°, hagu 0 ÷ 0 ne, dama kuwa 1. Ki rubuta wannan sharaɗin a amsarki.

Wani ɗan'uwa:
Ki gwada x = 30° kafin ki miƙa takarda: 0.866 ÷ 1.5 = 0.577, daidai da tan 30°.