Akun da Baba ya bar mana zai ƙarar da gidan, in yanke masa fiffike ne ko in ci gaba da kulle shi?

Autan Baba, Kaduna:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon bayani.

Mahaifinmu ya rasu bara cikin azumi. A abin da ya bari har da aku, mai ruwan tokan nan da jar wutsiya, wanda ya zo da shi daga Kalaba lokacin yana tuƙin tirela, ni ina firamare. Yanzu shekarata 34, sai ku lissafa. Kwandasta Baba ya sa masa suna. Ranar rabon gado yayyena kowa ya kau da kai, ya faɗo hannuna tunda ni ke zaune da Hajiya a gidan.

A gaban Baba tsuntsun nan lumbu-lumbu ne, ashe wutar ƙaiƙayi ce. Ya gano yadda ake zare sakatar keji da baki. Caja uku ya tsinke mini. Rimot kuwa zama ya yi ya cire maɓallan ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɓare masara, ya zube su a kan kafet. Ya yanke zaren carbin Hajiya, har yau muna tsintar ƙwayoyin a ƙarƙashin kujera. Yana sallama da muryar baƙo, matata ta yafa mayafi ta fito ta ga ba kowa, shi kuma ya fashe da dariya. Duk wannan da sauƙi. Da asuba yakan yi gyaran murya irin ta Baba sak, sannan ya ce "Amarya, kawo ruwa," yadda Baba ke kiran Hajiya shekara arba'in. Wata rana ta yi dariya, wata rana ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Shi ya sa maganar bayar da shi ba ta taso ba.

Juma'ar waccan ya fice, ya tashi ya sauka a kan fankar sama ta falo. Babu wuta a lokacin. Ina lallashinsa da gyaɗa sai ga wuta an kawo, fanka kuma a kunne muka bar ta. Ta fara juyawa da shi, ya faɗo bayan kujera. Allah ya tsare, gashi biyu kawai ya rasa, amma ni jikina ya fi awa yana rawa. Tun ranar na sa wa kejin kwaɗo. Yau kwana tara bai fito ba, kuma ya fara tsige gashin ƙirjinsa, har fata ta bayyana kamar faɗin murfin kwalba.

Kejin yana baranda kusa da kicin. Abincinsa gyaɗa da gero, sai ɓallin goro da Hajiya ke ba shi kullum kamar yadda Baba ya saba. Wani abokina ya ce in sa almakashi in rage fiffike ɗaya a huta. Me kuka gani?

Tsohon Malami, Zariya:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku. Na riƙe irin wannan tsuntsun shekara 19, kuma ba fanka ce ta kashe nawa ba, ba mage ba. Ni ne. Wata damina sauro ya dame mu, na fesa fiya-fiya a falo na ja ƙofa muka fita tsakar gida, na manta kejin yana lungu a lulluɓe da zane. Da muka dawo bayan isha yana ƙasan kejin, baki a buɗe. Kafin gari ya waye ya tafi.

Saboda haka abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayaninka shi ne inda ka ajiye shi. Kusa da kicin akwai hayaƙin gawayi, akwai na mai idan ya ƙone, kuma na tabbata gidan da akwai mata ba a rasa kaskon turaren wuta. Ƙamshin da ke faranta maka rai shi shaƙe shi yake yi. Ka ƙara da maganin sauro na kunnawa da hayaƙin janareta. Ka ɗauke kejin daga wurin yau, kada ka bari sai gobe.

Tsigar gashin kuwa ba abin mamaki ba ne. Ya rasa mutumin da ya sani shekara ashirin da wani abu, sannan ka garƙame shi. Ko kai aka yi wa haka sai ka fara cizon yatsa.

Sarkin Tsokana:

Kai Auta, tsuntsun da ke cin caja ai ya fi ƙarfin gida. Buɗe taga ka sake shi ya koma Kalaba, ka samu lada ka huta. Ni ban ma ga dalilin ɗaure halittar Allah a keji ba.

Tsohon Malami, Zariya:

A'a malam. Tsuntsun da ya yi shekarun nan a ɗaki bai san inda ake samun ruwa ba, kwana biyu shaho ko yaran unguwa masu danƙo za su gama da shi. Maganar halacci kuma, hadisin yaron nan Abu Umair da ɗan tsuntsunsa yana cikin Bukhari da Muslim, malamai sun kafa hujja da shi cewa ajiye tsuntsu ya halatta matuƙar ana ba shi haƙƙinsa. Haƙƙin ne muke magana a kai.

Likitar Dabbobi:

Malam Auta, sannu da ƙoƙari. Baba malami ya riga ni faɗin babba, bari in ƙara dalili. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne. Bayan huhu yana da jakunkunan iska a cikin jiki, iskar tana ratsa huhun ta hanya ɗaya, don haka yana zuƙe abin da ke cikinta fiye da mu nesa ba kusa ba. Akwai wani abin da mutane ba su sani ba: tukwane da kaskon suya na zamani waɗanda abinci ba ya kamawa a ciki. Idan aka manta su a kan wuta suka yi zafi ƙwarai, baƙin shafin nan na ciki yana fitar da tururin da ba ka gani, kuma yana kashe aku cikin mintoci. Ka gaya wa uwargida.

Goro a daina, don Allah. Sinadaran da ke hana ka barci idan ka ci goro su ne a cikin kofi da shayi da cakulan, kuma zuciyar tsuntsun da nauyinsa bai kai rabin kilo sosai ba ba ta ɗaukar su. Cewa ya daɗe yana ci bai mutu ba, sa'a ce da ƙanƙantar ɓallin. Haka fiya, mai laushin nan kamar man shanu da ƙwallo ɗaya a tsakiya, guba ce gare shi. Nakan ce wa mutane fiya da fiya-fiya duk a nisanta. Albasa, abinci mai gishiri da ɗanyen wake su ma a'a.

Gyaɗa da gero zalla ba abinci ba ne ga wannan nau'in. Suna yawan fama da ƙarancin sinadarin ƙashi a jini, har ka ga tsuntsu ya faɗo daga sandarsa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Gyaɗar da ta sha danshi kuma tana yin fumfuna mai lalata hanta da huhu. Ka rage ta zuwa ƙwaya uku ko huɗu masu kyau a matsayin tukwici. Ka ba shi gwanda, mangwaro, karas, kabewa, dafaffen dankalin Hausa, ganyen zogale, dafaffen ƙwai sau ɗaya ko biyu a mako. Jan barkono ma yana so, yaji ba ya damun tsuntsu. Ka riƙa fitar da kejin ya sha hantsi na ɗan lokaci, rabinsa a inuwa, domin hasken rana na taimaka wa jikinsa wajen samun sinadarin ƙashin nan, amma wanda ya ratso gilashin taga ba ya yi masa wannan amfanin.

Almakashi kuwa ka ajiye. Yanke fiffike ɗaya shi ne mafi muni, domin zai yunƙura ya tashi ya karkace ya faɗo, kuma jikinsu na da nauyi, ƙashin ƙirji ke fara bugun siminti ya tsage. Sabon gashi yana da jini a cikin kararsa, in ka yanka shi jinin ba ya tsayawa da sauƙi. Ga mage: wanda ba ya tashi ba shi da mafita, kuma ko ƙarzane ta yi masa a kai shi asibiti a ranar, ƙwayar cutar da ke bakinta tana kashe tsuntsu cikin kwana ɗaya ko biyu. Tsigar ƙirjin ma a duba shi, ba kullum damuwa ce kaɗai ke jawo ta ba. Daga Kaduna asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ba nisa.

Abin da zan yi in ni ce: ɗaki guda, a kashe fanka daga makunni ko da babu wuta, a zare duk wata waya daga soket, a rufe taga, a rufe bokitin ruwa, a sake shi awa biyu kullum kana wurin. Bakin nan dole ya ci wani abu, to ka ba shi totuwar masara, kwali, kaba, reshen gwaiba. Ka ƙunshe gyaɗa ɗaya a takarda ya sha wahalar fito da ita. Da dare a bar shi ya yi barci awa goma a wuri mai duhu.

Ɗan Zango, Kumasi:

Ɗan'uwa ka riƙe shi da kyau, abin da ke hannunka ya yi ƙaranci. Kakanninmu a nan suna ba da labarin garken aku da ke wucewa da yamma, mu ba mu gani ba. An kame su an sayar waje, an sare manyan itatuwan da suke ƙwai a kogonsu, har bincike ya nuna Gana ta rasa sama da kashi 90 cikin 100 nasu daga 1992. A 2016 ƙasashe suka taru a Johannasbag suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Na faɗi haka ne don wani zai ce ka saya masa mata ya daina kewa. Kada ka saya. In kana samun ɗanyen kwakwar manja a kasuwa ka ba shi ɗaya, shi ne abincinsu a daji. Kuma suna kai shekara 50 a gida, ka fara tunanin wanda zai gaje shi a cikin 'ya'yanka.

Autan Baba, Kaduna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba malami, na mayar da kejin ɗakin Baba, nesa da kicin, kuma a can nake sakinsa bayan la'asar. Fankar ɗakin na sa mai gyaran wuta ya cire ta gaba ɗaya, na gaji da fargaba. Uwargida ta koma turara kayanta a ɗakinta da ƙofa a rufe, ba da son ranta ba. Likita, ranar Litinin za mu shigo Zariya in Allah ya yarda. Ya cinye totuwa huɗu da rabin kwalin taliya, tsigar ƙirjin dai ba ta ƙaru ba.

Goro ne har yanzu ba mu daidaita ba. Na karanta wa Hajiya bayanin likita, ta ce ita da mijinta sun fi shekara ashirin suna ba shi, yaran yanzu ne za su koya mata. Da ƙyar ta yarda a gwada karas. Jiya na yanka shi daidai girman ɓallin goro ta miƙa masa. Ya karɓa da ƙafa, ya juya shi, ya kalle ta da ido ɗaya, ya sake shi a ƙasa. Yau da safe na tarar da jan tabo a sandarsa, Hajiya kuma ta ce ba ta san zancen ba.