Injin Gida ko Injin Aro? Musayar Baitoci kan Formula 1 ta 2026

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Salamu alaikum. Tunda motoci na hutu, kada bakinmu ya huta. Sabuwar dokar inji ta zo, an yi saki an yi aure tsakanin masu ƙera inji da ƙungiyoyi. Ga nawa. Mai amsawa ya rufe kowane baiti da "ra", wanda ya kasa shayi na kansa.

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Hannuna da baƙin mai, ina bakin aiki,
Shekara talatin ina kwance inji daki-daki,
Abin da ido ya gani shi zan tsara.

An taɓa kawo min inji daga wata mota,
Aka ce in dasa shi a jikin 'yar'uwarta,
Noti ya ƙi zama, na yanka, na bi da walda da wuta,
Kwana uku lagireto ya tafasa, ta dawo gyara.

Haka zancen yake a babbar gasa,
Mai ƙera inji shi ke zana motarsa tun daga ƙasa,
Ya san inda zafi ke taruwa, da inda iska za ta ratsa,
Mai saye sai an miƙo masa yake neman dabara.

Mercedes da Ferrari su ne masu gida,
McLaren, Williams, Alpine, agololi a gefen shimfiɗa,
Haas da Cadillac sun bi Maranello, gidan Ferrari, bisa yarda,
Kayan aro dai ba ya rufe katara.

'Yar Ruwan Gwanda:
Baba, na durƙusa, na nemi afuwa,
Amma wannan katarar ta daɗe da rufuwa,
Agolan da ka raina shi ne ke ta hawa,
Kofin ƙungiyoyi biyu a jere, 2024 da bara.

Injin Mercedes McLaren ta saya da kuɗi,
Ta doke mai injin a fili mai faɗi,
Norris ya ɗau kambun direbobi, babu ruɗi,
Mai gida na can baya yana shan ƙura.

Doka ta ce na mai saye da na mai gida,
Inji iri ɗaya ne, ba a rage doki ko guda,
Yarjejeniyarsu har 2030, da sa hannu da shaida,
To ina ciwon yake, Baba? Nuna min asara.

Ƙarshen 2008 Honda ta kwashe kayanta ta gudu,
Ross Brawn ya tsinci motar ba inji, sai taya huɗu,
Ya cusa na Mercedes, da ƙyar jiki da inji suka haɗu,
Button ya cinye 2009 da irin dashen da ka ce sai gyara.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
'Yata, kin harbe ni, amma ban faɗi ba,
Koma 2014, farkon dokar da ta wuce, ki duba,
Mercedes ta ci 16 cikin 19, ba ta raba da agola ba,
McLaren na ɗauke da injin nan, ko ɗaya babu nasara.

Shekara goma aka yi kafin aron ya zauna a jiki,
Sabuwar doka kuwa sabon yadi ne, sabon ɗinki,
Tela kansa yake fara aunawa kafin baƙi,
Mu ga wanda rigar za ta yi wa daidai a wannan shekara.

Malamin Lissafi:
Kuna ta faɗa a kan riga, ba wanda ya faɗi irin yadin.

Ku bar ni in shigo da alli da allo,
Silinda shida, lita 1.6, nan ba a sauya salo,
Abin da ya canza ba ya bayyana ga ɗan kallo,
Ɓangaren lantarki aka ɗaga, aka ƙara.

A da kilowat 120 batir ke turawa,
Yanzu 350, kusan rabin ƙarfin da ke fitowa,
MGU-H mai tatsar hayaƙin salansa an cire, ba dawowa,
Tsadarsa da wuyarsa ke korar baƙi daga takara.

Man ma ba na rijiya ba ne, haɗi ne na ɗakin gwaji,
Daga shara da ragowar tsiro ake tace shi, ka ji,
Petronas, Shell da Aramco duk suna cikin yaƙin inji,
Mai haɗa mai ya zama na gaba a zauren shawara.

Cire MGU-H ɗin ne ya buɗe wa Audi ƙofa,
Ta sayi Sauber ta Suwizalan, ta kafa ƙafa,
A Neuburg ake inji, a Hinwil ake ɗinka tufa,
Baƙuwa ce dai, sai ta iya koyo da jira.

Tsohon Direba, Damagaram:
Ni kuka na zo yi, 'yan'uwa, ku yi mini haƙuri,
Renault ta kawo turbo a 1977, tun da wuri,
Turawan Ingila na dariya, wai butar shayi mai tururi,
Don hayaƙin da take tasarwa in ta fashe a tsakar takara.

Da injinta Williams ta yi sarauta,
Alonso ya ɗau kambu biyu a cikin motarta,
Vettel huɗu a jere, 2010 zuwa 2013, duk da wutarta,
Yau murhun Viry, masana'antar injinta, ya mutu, babu mai hura.

Alpine ɗiyar Renault ce, ta cikinta,
Ga uwa da rai, an kai ɗiya gidan Jamus a shayar da ita,
Ma'aikatan Viry sun bi ta har Monza suna roƙonta,
Masu riƙe da jaka suka ce gara saye da ƙira.

Mai Babur:
Allah ya ba da haƙuri, Baba na Damagaram. Taku ta tafi sau ɗaya kuna kuka, mu tamu ta saba.

Ku zo ku ji labarin Honda mai yawan yaji,
Ta fita 2008, ta dawo 2015 da sabon inji,
McLaren ta sha wuya, a Suzuka duniya ta ji,
Alonso ya kira shi injin ƙaramar gasa, a gidansu, da ƙara.

Ta koma hannun Red Bull ta gyara hali,
2020 ta sake cewa za ta tafi, ta kawo dalili,
Verstappen ya ci 2021 tana bakin ƙofa da kwali,
Red Bull ta ce daga yau na daina jira.

Yanzu Aston Martin ta ɗaura da ita, ita kaɗai,
Ba kishiya, ga Newey mai zane da fensir, ga kuɗin Stroll, ga mai,
Ga Alonso mai gorin, ya haura arba'in, yana nan dai,
Auren kome ke nan, Allah ya sa a yi hattara.

Ɗan Jan Bijimi:
Masu sayar da lemon gwangwani kuke ce mana,
Ga masana'antar inji a Milton Keynes mun gina,
Porsche ta nemi rabin gida a 2022, muka hana,
Ford ta zo, ta sa hannu a batir da dabara.

Ita ce ta sayar mana da Jaguar a 2004,
Duniya ta juya, ga shi mun dawo mun haɗu,
Da mu da Racing Bulls za mu ciyar da mota huɗu,
In ya buga namu ne, in ya tashi tamu ce nasara.

'Yar Ruwan Gwanda:
Yaya, ba girin-girin ba dai, ta yi mai,
Shugaban injinku daga Brixworth kuka ɗauko shi ai,
Gidan Mercedes ya yi karatu, can ya goge sarai,
Ashe ku ma da aron kuka fara.

Hajiya Mai Kanti:
Ni 'yar kasuwa ce, Cadillac ta burge ni,
Ta shigo ta goma sha ɗaya, ta yi hayar Ferrari na wani zamani,
GM, uwar kamfaninta, na ƙera nata, 2029 ake sa ran a gani,
Mai son gina shago da rumfar haya yake farawa.

Toyota kuwa ta fi kowa wayo a wannan zuwa,
2002 zuwa 2009 ta zuba kuɗi, ko tsere ɗaya babu cinyewa,
Yanzu ta tagar Haas take leƙe, tana aunawa,
Igiya ma tsoro take ba wanda maciji ya sara.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Hajiya, da kin ce "yakan fara" da kin tsira. "Farawa" kika ce, kowa ya gani, shayi ya hau kanki. Maganar rumfar haya kuma na karɓa, amma ki lura, ita ma Cadillac ba ta yi niyyar mutuwa a gidan haya ba.

Bara Ben Sulayem na FIA, hukumar gasar, ya tada zancen V10, inji mai silinda goma mai ƙugi,
Audi da Honda, da suka narka kuɗi a batir, suka ƙi shiga jirgi,
Kunnena na kewar ihun nan, amma ko ni mai goge filogi,
Zan ƙi a rushe min ginin da jiya na fara.

8 ga Maris, tseren farko a Melbourne, biyar na asuba agogonmu,
Azumi ne, tseren zai same mu a kan sahur ɗinmu,
'Yata, ki sa waya a caji, ko an doke ku ki zo ki same mu,
Hajiya ta kawo shayin, ni zan dama fura.